Babi na Biyar: Shin Lacca Tana Hana Fyaɗe?

Hausawa suka ce hali zanen dutse. Idan haka ne, me zaman awa guda a zauren lacca zai yi wa saurayin da ya tashi yana jin abokansa suna cewa "a'a" a bakin mace jan aji ne kawai? Duk wanda ya ji cewa jami'o'i na tara sababbin ɗalibai suna yi musu bayani a kan fyaɗen da ke faruwa tsakanin saurayi da budurwa, wannan ce tambayar da takan fara zuwa masa. Wasu sukan ce ɓata lokaci ne, mugu ya san abin da yake yi. Wasu kuma sukan ce yawanci rashin sani ne, da an wayar da kai an gama.

Ba sai mun tsaya a kan zato ba. Jami'o'in Amurka da Kanada sun shafe fiye da shekara 30 suna gwada shirye-shirye iri-iri, masu bincike kuma suna bin sawun ɗaliban suna auna abin da ya canza. Sakamakon bai ba kowane ɓangare gaskiya gaba ɗaya ba. Canza abin da ɗalibi ke faɗa yana da sauƙi, amma ba ya daɗewa. Inda aka ga fyaɗen ya ragu, horo ne mai tsawo da ya koya wa mutum abin da zai yi da bakinsa da hannunsa da ƙafarsa idan lokacin ya zo.

Yadda aka gano girman matsalar

Kafin shekarun 1980, in aka ambaci fyaɗe, abin da yawancin Amurkawa ke hangowa shi ne baƙo riƙe da wuƙa a lungu mai duhu. Wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam mai suna Mary Koss ce ta girgiza wannan tunani. Tare da haɗin gwiwar mujallar Ms., ta yi wa ɗalibai 6,159 tambayoyi a manyan makarantu 32, aka buga sakamakon a 1987.

Dabararta ita ce ba ta fara da tambayar "an taɓa yi miki fyaɗe?" ba. Ta tambayi abin da ya faru ne ɗaya bayan ɗaya: ko wani namiji ya taɓa saduwa da ke ba da son ranki ba ta hanyar danne ki, ko murɗe miki hannu, ko yi miki barazana? Kusan mace ɗaya cikin huɗu ta ba da labarin abin da doka ke ɗauka a matsayin fyaɗe ko yunƙurin fyaɗe, tun daga shekara 14 da haihuwa. Cikin waɗanda aka yi wa fyaɗen, kashi 84 cikin ɗari sun san mutumin, fiye da rabi kuma abin ya same su ne a hannun wanda suka fita tare. Kashi 27 kacal suka kira abin da sunansa. A ɓangaren maza, kusan ɗaya cikin 12 ya amsa cewa ya aikata irin waɗannan abubuwa, amma yawancinsu sun ce abin da suka yi ba fyaɗe ba ne.

An yi ta gardama a kan waɗannan alƙaluma, wasu suna cewa tambayoyin sun yi faɗi da yawa. Sai dai a 2015 ƙungiyar manyan jami'o'in Amurka ta sake bincike a jami'o'i 27, da ɗalibai kimanin 150,000. Kashi 23 cikin ɗari na mata masu karatun digirin farko suka ce tun shigarsu jami'a an taɓa su ko an sadu da su da ƙarfi, ko a lokacin da ba sa cikin hayyacinsu.

Abin da ya tsaya wa masu bincike a rai shi ne, wanda ya yi bai ɗauki kansa mai laifi ba, wadda aka yi wa kuma ba ta ɗauki kanta wadda aka zalunta ba. Daga nan aka yi tunanin cewa ciwon yana cikin ra'ayi, don haka ra'ayin za a yi wa magani.

Ra'ayoyin da ake son gogewa

A 1980 wata mai bincike, Martha Burt, ta tattara maganganun da mutane ke amfani da su wajen rage wa fyaɗe nauyi ko ɗora wa mace laifi, ta mayar da su ma'auni. Ana ba mutum jerin jimloli ya faɗi iya yardarsa da kowace. Ma'anarsu ba baƙuwa ba ce ga mai karatu: macen da ta bi namiji ɗakinsa ta san abin da take nema, wadda ta yi shigar banza ita ta ja wa kanta, mace mai lafiya in ba ta so ba wanda zai iya, da yawa masu ƙorafi ƙarya suke yi don ramuwa. Mu ma muna da namu salon. Da an ji labari sai wani ya ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wani ya ƙara da "me ya kai ta?"

Bincike ya yi ta nuna cewa mazan da suka fi yarda da irin waɗannan maganganu sun fi yawan amsa cewa sun taɓa tilasta wa mace. Lissafin ya zama kamar a bayyane yake: a rage yarda da maganganun, fyaɗe ya ragu. Ma'aunin Burt da waɗanda suka biyo bayansa suka zama abin da ake gwada nasarar kusan kowane shiri da shi, musamman da yake cika takarda ba ya cin kuɗi ko lokaci.

Laccar awa guda

Doka ma ta shigo. A 1990 majalisar Amurka ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake aikatawa a harabarsu, dokar da daga baya aka sa wa sunan Jeanne Clery, ɗalibar da aka yi wa fyaɗe aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986. Gyaran 1992 ya buƙaci su bayyana shirye-shiryensu na wayar da kai, har da kan fyaɗen da wanda aka sani ke yi. Gyaran 2013 ya ce dole a yi wa duk sabon ɗalibi irin wannan bita.

Abin da yawancin makarantu suka yi shi ne mafi arha. A makon karɓar sababbin ɗalibai a cika zaure, a nuna bidiyo ko ɗan wasan kwaikwayo, a karanta alƙaluma, a bayyana abin da doka ta ce, a raba takardar tambayoyi a bakin ƙofa. Kusan kullum sakamakon yana da daɗin ji, domin ɗalibai suna fitowa da amsoshin da suka fi waɗanda suka shiga da su.

Matsalar ta bayyana ne da aka jira. A 1995 Mary Heppner da abokan aikinta a Jami'ar Missouri suka auna ra'ayin ɗalibai da zarar an tashi daga bita, suka sake aunawa bayan makonni, sannan bayan wata biyar. Ra'ayoyin da suka gyaru sun koma kusan inda suke. Wasu binciken ma sun ga haka. Laccar awa guda kamar lalle take: ranar da aka cire ya yi ja gwanin sha'awa, bayan 'yan makonni sai ka nemi zanen ka rasa. Ɗalibin ya koma ɗakin kwanansa, cikin abokan da suke tare dare da rana, kuma hirarsu ta fi ta mai lacca yawa da nauyi.

Akwai kuma wata damuwar. Wanda aka gama gaya masa amsar da ake so, in ka miƙa masa takarda, zai iya rubuta ta ko da zuciyarsa ba ta motsa ba.

Magana daban, aiki daban

Ko da ra'ayin ya zauna, shin aikin yana biyo shi? John Foubert ya ƙirƙiro wani shiri na maza zalla, wanda ɗalibai maza ke gabatarwa ga 'yan'uwansu. Maimakon a tsare su da zargi, ana nuna musu bidiyon da ke ba da labarin wani ɗan sanda namiji da maza biyu suka yi wa fyaɗe, don su ji a jikinsu yadda tsoro ke sandarar da mutum, da yadda tambayar "me ya hana ka faɗa da su?" take da ciwo. Sai a koya musu yadda za su taimaki macen da ta zo musu da irin wannan labari. A binciken da ya buga a 2000, bayan wata bakwai mazan da suka halarta suna nan da ƙarancin yarda da waɗancan maganganu. Amma da aka tambaye su abin da suka aikata a cikin watannin, ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su halarta ba.

A 2005 Linda Anderson da Susan Whiston suka haɗa bincike 69 da suka ƙunshi ɗalibai fiye da 18,000. Inda shirye-shiryen suka fi tasiri shi ne ƙarin sani, sai ra'ayi. Tasirinsu a kan yawan fyaɗen bai taka kara ya karya ba. Sun kuma lura cewa shiri mai tsawo ya fi gajere. A 2014 masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Sarah DeGue, suka duba bincike 140. Uku kacal suka nuna raguwar aikata laifin da hujja mai ƙarfi. Biyu shirye-shiryen 'yan makaranta ne masu ƙananan shekaru, na ukun kuma kuɗin da wata dokar Amurka ta kare mata ta 1994 ta ware ne. Babu laccar jami'a ko ɗaya a ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fyaɗen irin wannan ba a zauren lacca yake faruwa ba. Yana faruwa ne a ɗaki, da dare, kuma a jami'o'in Amurka kusan rabin lokuta akwai barasa a ciki, ko ga namijin, ko ga macen, ko duka biyun. Watannin farko na shekarar karatu sun fi haɗari ga sababbin ɗalibai mata, lokacin da ba su san gari ba, ba su yi ƙawaye ba tukuna. Abin da mutum ya rubuta a takarda da rana tsaka ba shi ne ke jan ragamarsa a wannan hali ba.

Mutum na uku

Tsohon salon yana kallon kowane namiji a matsayin wanda zai iya aikatawa, kowace mace a matsayin wadda za a iya yi wa. Maza sukan toshe kunne, mata kuma su ce ba ni ba. A 1993 Jackson Katz, a Jami'ar Northeastern da ke Boston, ya fara wani shiri da 'yan wasan jami'a wanda ya sauya tambayar: kai da kake wurin, kana gani, me za ka yi? Victoria Banyard da abokan aikinta a Jami'ar New Hampshire suka faɗaɗa wannan hanya, haka ma Dorothy Edwards a Jami'ar Kentucky da shirinta mai suna Green Dot.

Edwards takan sa ɗalibai su hango taswirar makarantarsu. Duk cin zarafi jan ɗigo ne a kanta, duk wani ƙaramin abu da wani ya yi don hanawa koren ɗigo ne, burin kuma kore ya rinjayi ja. Ba ta ce kowa ya zama jarumi ba. Ta san akwai mai kunya, akwai mai tsoro, akwai wanda abokinsa ne ke shirin ɓarnar. Don haka hanya uku ake koyarwa, ana kuma gwada su a aikace.

A ce ana cikin fati, ka hango wani yana jan wata yarinya zuwa bene, ƙafarta ba ta ɗaukar ta saboda maye. Hanya ta farko, ka tunkare shi: "Mutumina, bar ta, ba ta cikin hayyacinta." Ta biyu, ka nemo wanda zai iya: ƙawayenta, ko mai gidan, ko mai gadi. Ta uku, ka kawar da hankali ba tare da ka zargi kowa ba. Wata ta riƙo hannunta ta ce, "Ƙawata, tun ɗazu nake neman ki, zo ki raka ni banɗaki." Ko wani ya ce masa, "Kai, ba motarka ce ake shirin ja a waje ba?" Minti biyu sun isa a raba su.

Wani lokaci abin yakan wuce haka. A daren wata ranar Janairu ta 2015, ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin suna wucewa a kan keke a Jami'ar Stanford suka hango wani a kan wata mace a bayan kwandon shara. Abin da ya tsayar da su shi ne macen ba ta motsi. Suka yi masa magana, ya ruga, suka bi shi suka danne shi har 'yan sanda suka iso. Kotu ta sami mutumin, Brock Turner, da laifi a 2016. Mutane da yawa da sun wuce suna cewa ba ruwansu, kuma wannan "ba ruwana" ɗin ne shirye-shiryen ke son karyawa.

Gwajin Green Dot mafi girma an yi shi ne a makarantun sakandare 26 a jihar Kentucky, aka buga a 2017. Cin zarafin ya ragu, amma sai a shekara ta uku da ta huɗu aka ga bambancin sosai, bayan an horar da ɗaliban da sauran ke saurara. A jami'o'i kuwa, binciken da aka haɗa ya nuna ɗalibai suna ƙara sa baki bayan horo, amma hujjar cewa masu aikatawa sun ragu ba ta yi ƙarfi ba. Wannan hanya tana da iyaka a fili: da an rufe ƙofa, babu mutum na uku.

Awa goma sha biyu a Kanada

Abin da ke bayan ƙofar shi Charlene Senn ta Jami'ar Windsor ta sa a gaba. Ta ɗauki ɗalibai mata 893 'yan shekarar farko a jami'o'in Windsor da Guelph da Calgary, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su ƙasidun da jami'o'i suka saba rabawa. Rabi kuma suka yi zama huɗu, kowanne awa uku, a ƙananan rukunoni, mata matasa da aka horar suna jagoranta.

Zaman farko a kan gane alamun haɗari ne a jikin wanda aka sani: mai naci bayan an ce a'a, mai ƙoƙarin raba ki da ƙawayenki, mai cika miki kofi, mai ganin tunda ya kashe kuɗi yana bin ki bashi. Na biyu ya fi wuya, domin yana taɓa abin da ke ɗaure mace a lokacin: ai yana so na, kada in kunyata shi, kada in ɗaga murya a ji, wataƙila ni ce ban fahimta ba. A irin wannan tunani ake rasa mintunan da za a iya fita. Na uku aiki ne da jiki. Ana gwada tsawa da murya mai ƙarfi, da yadda ake ƙwace hannu in an riƙe, da inda ake bugu, da gudu, domin bincike ya nuna waɗannan sun fi roƙo da kuka tasiri. Na huɗu kuma kowace tana tantance wa kanta abin da take so da abin da ba ta so, da inda iyakarta take, don ta iya faɗa ba tare da inda-inda ba.

Mujallar likitanci ta New England ta buga sakamakon a 2015. Cikin shekara guda, kashi 9.8 cikin ɗari na waɗanda aka ba ƙasida an yi musu fyaɗe, waɗanda suka yi horo kuwa kashi 5.2. Yunƙurin fyaɗe ya sauko daga kashi 9.3 zuwa 3.4. A lissafin masu binciken, duk mata 22 da aka horar, an kare ɗaya daga fyaɗe a wannan shekarar. Da aka ci gaba da bin su har shekara biyu, amfanin bai gushe ba.

An soki shirin da cewa ya ɗora wa mata nauyin laifin maza. Senn ta dage cewa laifi na wanda ya aikata ne ɗari bisa ɗari, kuma ana maimaita wannan a kowane zama. An ma gano cewa waɗanda abin ya same su duk da horon ba su zargi kansu kamar sauran ba.

Saura maza

Duk da haka sukar tana da tushe, domin horar da mace ba ya gyara namijin. A nan aiki bai kai ko'ina ba tukuna, amma akwai alamu. Alan Berkowitz ya daɗe yana nuna cewa yawancin samari ba sa jin daɗin hirar wulaƙanta mata, sai dai kowa yana zaton shi kaɗai ne, sai ya yi dariya tare da sauran, mai mugun nufi kuma ya ɗauka kowa na bayansa. Wani gwaji da aka gina a kan wannan, aka buga a 2011, ya ga tilastawa ta ragu bayan wata huɗu, amma zuwa wata bakwai bambancin ya ɓace. Wani shiri na intanet mai suna RealConsent, mai darasi shida, da Laura Salazar ta gwada a kan maza 743 a jihar Georgia, ya nuna raguwa bayan wata shida, ko da yake da yawansu ba su dawo sun amsa tambayoyin ƙarshe ba.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya cewa namu daban ne, addini ya riga ya hana keɓewar namiji da mace. Gaskiya ne, kuma kariya ce babba. Amma keɓewar da mace ta yi ba ta halatta wa kowa jikinta ba, kuma kuskurenta ba ya rage komai daga zaluncinsa. Jami'o'inmu ma suna tara sababbin ɗalibai a yi musu jawabi a kan sutura da tarbiyya. Duk wanda zai kawo shiri irin wannan, tambaya uku ta isa a auna shi da ita: awa nawa ne, me ɗalibi zai gwada da kansa a ciki, kuma bayan shekara me za a ƙirga, amsoshin takarda ko abin da ya sami ɗalibai?

Ko shirin da ya fi kowanne nasara ya bar mata biyar cikin ɗari da abin ya same su. A binciken Koss, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda, da yawa kuma ba su gaya wa kowa ba. Babi na gaba zai duba wannan shirun: abin da ke ɗaure bakin yarinya, wanda takan fara gaya wa in ta yi magana, da yadda amsar farko da ta ji daga uwa ko ƙawa ke yanke ko za ta sake buɗe baki.